Yadda Ake Tada Babur BMW R25/3 Da Ya Daɗe A Jingine

Duk wanda Allah ya haɗa shi da tsohon babur baƙi wuluk, mai siririn farin zane a gefen tanki da tambarin BMW mai shuɗi da fari, abu na farko da zuciyarsa za ta raya masa shi ne ya zuba fetur, ya taka kik, ya ji kukansa. Ina roƙonka ɗan'uwa, ka daure. Babur ɗin da ya yi shekara ashirin ko talatin a jingine yana iya tashi a taku na uku, domin injin akwai juriya, amma wannan tashin ne zai iya kashe karanshaf cikin 'yan makonni. Dalilin yana ɓoye can cikin injin, a jikin wani ɗan faranti da ba a ganinsa sai an kwance komai. Za mu zo kansa. Kafin nan ya kamata ka san wane irin babur ne a gabanka, da halin da aka ƙera shi a ciki, don shi ne zai fahimtar da kai dalilin kowane mataki.

Inda ya fito

Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙare a 1945, ya bar masana'antar BMW ta birnin Munich cikin ɓaraguzai. Har tukwanen girki ma'aikata suka koma ƙerawa don a samu na abinci. Tun lokacin yaƙi an mayar da aikin babura garin Eisenach, garin kuma ya faɗa ɓangaren da Tarayyar Sobiyet ke iko da shi, da injinan ƙira da takardun zane gaba ɗaya. Mutanen Eisenach suka ci gaba da fitar da babur R35 da sunan BMW, sai a 1952 suka koma EMW, tambarinsu ya zama ja da fari.

Da ƙasashen ƙawance da suka ci Jamus da yaƙi suka ba da izinin ƙera babur wanda bai wuce cc 250 ba, injiniyoyin Munich ba su da zane ko ɗaya a hannu. Sai suka samo tsohon R23 na kafin yaƙi, suka kwance shi ƙarfe-ƙarfe, suka auna kowane yanki suka sake zana shi. Daga nan R24 ya fito a 1948, da ƙarfin doki 12, ba shi da shokazoba a baya ko kaɗan. A 1950 aka yi R25 mai shokazoba ta tsaye a baya, a 1951 R25/2, sannan a 1953 R25/3, wanda aka ci gaba da ƙerawa har 1956. Guda 47,700 aka yi. Babur ne na ma'aikaci, na zuwa aiki da dawowa a ƙasar da mota ta fi ƙarfin yawancin mutane, wasu ma sukan haɗa masa keken gefe su ɗauki iyali.

Kasuwar ba ta daɗe ba. Da arziki ya fara dawowa Jamus ta Yamma, jama'a suka koma neman abin hawa mai rufi. Baburan da BMW ke fitarwa sun kai kusan 30,000 a 1954, zuwa 1957 ba su kai 6,000 ba. Injin R25/3 ɗin nan ne ma aka gyara aka dasa wa 'yar ƙaramar motar nan Isetta a 1955. Bayansa R26 ya zo a 1956, R27 kuma daga 1960 zuwa 1966.

Yadda aka tsara shi

Silinda ɗaya ce a tsaye, cc 247, faɗinta milimita 68, tafiyar fistan ma milimita 68. Ƙarfin doki 13, nauyi wajen kilo 150, iyakar gudu kilomita 119 a awa. Bakanikenmu da ya saba da babur mai sarƙa, ranar da ya fara ganinsa zai yi ta leƙen inda sarƙar take. Babu ita. Tsarin mota aka yi masa: karanshaf yana kwance daga gaba zuwa baya, bayansa fulawil da busasshen kuloci mai faranti ɗaya, sai akwatin giya mai giya huɗu, sai farfela da ta bi gefen dama ta shiga kwanon haƙora a tayar baya. Wannan tsari na farfela BMW ta gaje shi tun daga baburinta na farko, R32, wanda Max Friz ya zana a 1923. Sarƙa ɗaya tak ke jikin babur ɗin, ita ma a cikin inji take, tana juya kamshaf. Saboda kwanciyar karanshaf ne kik ɗinsa yake fita waje ta gefen hagu maimakon ya yi baya.

Abin da ya fi kowane muhimmanci a wannan jagora: injin ba shi da filtar mai.

Mataki na farko: tabbatar da abin da ke hannunka

Baburan sun yi kama da juna ƙwarai, kuma cikin shekara saba'in an yi ta musayar kayansu. R25/3 na gaskiya yana da wili mai inci 18 da rim na alminiyam, kwanon birkinsa ya cika faɗin cibiyar wilin. Akwatin sifanu yana gefen hagu na tanki, bayan robar da gwiwa ke dafawa. In ka ga wili mai inci 19 da akwatin sifanu a saman tanki, R25/2 ne ko wanda ya girme shi. Wata alama ita ce hanyar iska: a R25/3 iska tana shiga daga gaba, ta bi dogon bututu ta ƙarƙashin tanki kafin ta isa kabureta.

Duba lambar firam da lambar inji da ɗan farantin shaida da ke wuyan babur. Daga masana'anta duk ukun lamba ɗaya ce. In sun saɓa, an taɓa canja inji. Wannan bai hana babur tafiya ba, amma yana rage masa daraja, kuma dole ka san injin wane samfuri ne kafin ka sayi kayan gyara. A jikin kwanon haƙoran baya ma an buga adadin haƙora. Wanda aka yi don jan keken gefe haƙoransa daban ne, in ka hau shi kai kaɗai za ka ji injin yana ihu alhali gudun bai kai ba.

Mataki na biyu: bincike kafin kwancewa

Ɗauki hoton kowane lungu da wayarka, musamman wayoyin da ke cikin kwanon fitila. Tanadi ƙananan robobi ka rubuta suna a jikin kowace, noti da kusar kowane ɓangare su zauna wuri guda. Sifanun milimita za ka yi amfani da su, kuma su zama masu kama noti sosai, don yawancin kusoshin cikin alminiyam suke.

Cire fulogi, ka ɗiga bakin mai kaɗan cikin silinda, ka bar shi ya kwana. Washegari ka danna kik da hannu a hankali. In ya juya sumul kana jin iska na fita ta ramin fulogi, alhamdu lillahi. In ya cije, kada ka hau kik da ƙafa. Ringi ne suka kama bangon silinda da tsatsa, tilasta su zai karya su ko ya lanƙwasa kwanrod. Zuba kalanzir gauraye da bakin mai ka ba shi kwanaki.

Daga nan ka tsiyaye tsohon mai a kwano mai tsabta, ka fita da shi rana ka duba. Ƙyalƙyali kamar garin azurfa alamar ƙarfe na cin ƙarfe ne. In ya yi fari-fari kamar madara, ruwa ya shiga. Kwance farantin ƙasan inji ka ga yawan lakar da ta kwanta, ka wanke ragar famfon mai. Kaurin lakar nan shi ne zai fara gaya maka abin da ke jiranka a mataki na gaba.

Mataki na uku: farantin da ke jikin karanshaf

A nan aikin yake, a nan kuma mutane da yawa suke yanke hanya.

Famfon mai yana tura bakin mai zuwa boris ɗin karanshaf. Daga can man ya zubo cikin wani siririn faranti mai lanƙwasasshen baki da aka ɗaure a jikin karanshaf ɗin. Da karanshaf ya juya, ƙarfin juyin ya watsa man zuwa bakin farantin, daga nan ya bi ta rami ya shiga fil ɗin da kwanrod ke hawa, ya jiƙa boris ɗinsa. Dabara ce mai sauƙi mai kyau. Sai dai ƙarfin juyin da ke tura man shi ne kuma ke tace shi: duk wata dauɗa mai nauyi, garin ƙarfe da toka, tana maƙalewa a lanƙwasar farantin, ba ta fita ko an canja mai sau ɗari. Shekara da shekaru tana taruwa. Ranar da lanƙwasar ta cika, dauɗar ta toshe ramin ko ta bi mai ta shiga boris. Injin ba ya ba da wata sanarwa sai ka fara jin ƙwanƙwasa daga ƙasa, a lokacin kuwa aikin gama ya gama.

Na farkon da na buɗe da hannuna, injin yana juyawa lafiya, mansa ma bai yi muni ba. Da farantin ya fito sai na ga kamar ba shi da lanƙwasa ma, bakinsa ya shafe daidai. Na sa bakin sukudireba na kankara, wani abu mai ruwan toka ya ɓallo, da tauri kamar busasshen yumɓu. Na kai maganaɗisu kusa, garin ya taso ya manne. Saura ƙiris ya rufe ramin. Tun daga ranar ban ƙara yarda in tada irin wannan inji ba tare da na ga farantin da idona ba, sai dai in akwai tabbacin lokacin da aka wanke shi.

Babu wani ruwan wanki da za ka zuba ta sama ya yi maka wannan aikin. Dole inji ya sauka daga firam, a raba shi da akwatin giya, a cire kuloci da fulawil, a cire dinamo daga gaba, a cire kan silinda da silindar, a buɗe murfin sarƙar kamshaf, sannan karanshaf ya fito. Abu uku nake so ka kiyaye.

Zuciyar dinamo a matse take a kan bakin karanshaf. Da kusar cirewa ta musamman mai taurin ƙarfe ake fitar da ita. In ka cusa ƙusa ko guntun rodi mai laushi, zai lanƙwashe cikin ramin karanshaf, fitar da shi kuwa wahala ce babba.

Fulawil ma da abin ja ake cire shi. Kada a doke shi da guduma.

Boris kuma a matse suke cikin alminiyam. Dumama kwanon injin ake yi har ɗigon ruwa ya fara tsalle a kansa, alminiyam ya buɗe, boris ya fito ba da faɗa ba. Haka ake yi wajen mayarwa. Wanda ya buge shi a sanyi ya faɗaɗa mazauninsa, sabon boris ba zai ƙara zama daram ba.

Da karanshaf ya fito, riƙe kwanrod ka ja shi sama da ƙasa. Ɗan motsi na gefe da gefe ba laifi, amma in kana jin wasa sama da ƙasa, boris ɗin ya tafi. Karanshaf ɗin haɗe yake da matsi, sai mai injin matsi da ma'aunin daidaita shi zai iya raba shi ya mayar. Kai masa, kada ka gwada a gida. Farantin kuwa ko ka kankare shi tas ka wanke da kalanzir, ko ka sa sabo, har yanzu ana samun sa wajen masu sayar da kayan tsofaffin BMW. Tunda ka riga ka shiga ciki, canja boris da sil da sarƙar kamshaf gaba ɗaya.

Mataki na huɗu: silinda da bawul

Kai silinda da fistan a auna. In bangon ya yi rami ko tsatsa ta ci shi, a yi borin a sa fistan na gaba. Kifa kan silinda, ka zuba kalanzir a kwarminsa da bawul a rufe. In ya tsiyayo ta hanyar iska ko ta salansa, bawul na buƙatar niƙa. Duba zaren ramin fulogi da zaren da notin salansa ke hawa, wuraren nan biyu sun fi ko'ina lalacewa.

Bayan an haɗa, cire 'yar robar da ke toshe ramin leƙen fulawil. Juya inji har alamar OT da ke jikin fulawil, mai nuna fistan ya kai ƙoli, ta zo daidai ramin, bawul biyu duk a rufe. Da inji a sanyi, bar tsagin milimita 0.15 a bawul na shiga, 0.20 a na fita. Ɗan ƙarar bawul ba ya cutarwa. Bawul da aka matse ya yi shiru shi ne ke ƙonewa.

Mataki na biyar: fetur

Tankin lita 12 yake ci. Tsohon fetur yakan zama kamar ƙaro a ƙasansa. Wanke shi, ka zuba ƙananan notuna ka girgiza don tsatsa ta saki, ka ɗauraye har ruwan ya fito fes. Kwance makunnin fetur ka canja abin toshiyarsa, ka sa sabon tiyo da 'yar filta.

Kabureta yawanci ta kamfanin Bing ce, wasu kuma SAWE. Kwance ta duka ka jiƙa, ka busa kowane rami da iska. Kada ka soka waya a jet, faɗaɗa ramin za ta yi. Fulot ɗin na tagulla ne, girgiza shi kusa da kunne. In ka ji ruwa na motsi a ciki ya fashe, shi ne zai sa kabureta ta yi ta ambaliya.

Mataki na shida: wuta

Babur ɗin bolt 6 ne, dinamonsa na kamfanin Noris wat 60 yake bayarwa. Kada wani ya ce bari a ɗan jona batir mai bolt 12 don a gwada, ƙwan fitila da abin daidaita caji ne za su biya kuɗin gwajin. Kuma ba kamar manyan 'yan'uwansa masu silinda biyu da ke da magneto ba, wannan da batir yake samun wutar fulogi, don haka sai da batir mai rai.

Buɗe murfin gaba. Duba gawayin dinamo, in sun gajarce a canja. Goge inda suke gogawa da tsumma mai ɗan fetur. Buɗewar kwantak milimita 0.4 ce, ta fulogi 0.6. Kusa da kwantak akwai wasu 'yan nauyaya masu sifirin da ke gaggauta wuta idan inji ya ɗau gudu. Taɓa su da yatsa, su buɗe su koma da kansu, in sun cije a wanke a ɗiga mai. Sannan ka juya inji a hankali: kwantak ya fara buɗewa daidai lokacin da alamar S ta bayyana a ramin leƙen fulawil. Ƙaramin ƙwan gwaji zai nuna maka lokacin sarai.

Tsohon kwayil yana da wata halayya da ke ruɗa mutane: da sanyi ya ba da wuta, babur ya yi tafiyar minti ashirin ya mutu, ya ƙi tashi sai ya huce. Mutum ya yi ta kwance kabureta a banza. In ka ga haka, kwayil da kandansa za ka fara zargi. Wayoyin da rigarsu ta bushe tana farfashewa kuwa a sauya su duka. A wutar bolt 6, tsatsa kaɗan a mahaɗar waya ta isa ta dusashe fitila, saboda haka kankare kowace mahaɗa har ta yi ƙyalli, musamman wayar at, wadda ke haɗa batir da ƙarfen jikin babur.

Mataki na bakwai: daga kuloci zuwa tayar baya

Kulocin busasshe ne, mai abokin gabarsa ne. In ka tarar da farantin a jiƙe, sil na bayan inji ko na gaban akwatin giya ke yoyo, canja farantin kaɗai ba zai yi magani ba. Tsiyaye man akwatin giya ka duba ko da ruwa, ka zuba sabo. Kwanon haƙoran baya man giya mai lamba 90 yake sha, kaɗan ne, kada a cika shi ya wuce baki don zai bi ya jiƙa birki.

Tsakanin akwatin giya da farfela akwai wata roba mai kauri da ke shanye fizgar inji. In ta tsattsage a canja. Cire wilin baya ka duba haƙoran da ke haɗa shi da kwanon. Lafiyayyu kansu a faɗaɗe yake, in sun yi tsini kamar haƙoran zarto sun cinye. Wanke su ka shafa giris kaɗan. Shokazobar baya tana da bakin giris, a ɗura mata har tsohon ya fito.

Taya 3.25-18 ce gaba da baya. Ko zanenta bai goge ba, in ta tsufa a yar da ita da tib ɗinta. Lainin birki, wayar birki da ta kuloci, man shokazobar gaba, boris na wili da na wuya, duk a bi su. Ƙwanƙwasa sifok ɗaya bayan ɗaya da sifana, wanda ya yi mataccen sauti ya saki.

Mataki na takwas: tashin farko

Zuba bakin mai lita ɗaya da kwata. A yanayin zafi mai lamba 40 ne ya dace da shi. Da fulogi a cire, taka kik kamar sau ashirin don mai ya zagaya. Mayar da fulogi. Tabbatar giya na firi. Giyar ƙafa tana hagu, ɗaya ƙasa uku sama, akwai kuma ɗan hannu a gefen dama na akwatin giya da ke taimakawa wajen nemo firi.

Buɗe fetur. Danna ɗan maɓallin da ke kan kwanon kabureta har fetur ya fara tsattsafowa. Taka kik sau biyu da wuta a kashe. Makullin kamar ƙusa yake, a saman kwanon fitila ake tura shi ƙasa. Jar fitila ta caji za ta kama, koriya kuma ta nuna firi. Tsaya a gefen hagu, murɗa totur kaɗan, ka taka kik har ƙasa da nauyin jikinka.

Idan ya kama, kada ka yi masa ihu. Ɗaga shi kaɗan ka ga jar fitilar ta mutu, alamar dinamo na caji ke nan. Saurara. Bugunsa a natse yake, ɗaya bayan ɗaya, da ɗan tsit-tsit na bawul a sama. Hayaƙi na 'yan mintunan farko man da ka shafa wajen haɗawa ne. Iska ce ke sanyaya injin, don haka kada ya wuce minti biyar yana aiki a tsaye. Kashe shi, duba yoyo ta ko'ina, ka bar shi ya huce sarai, sannan ka sake ɗaure kusoshin kan silinda ka sake auna bawul.

Bayan ya hau titi

Kilomita 1,000 na farko a bi shi a hankali, ana sauya gudu, ba a danne shi a babbar giya yana tari ba. Wajen sa giya, matse kuloci har ƙarshe, ɗan jira, sannan ka taka. Fulawil ɗinsa na da nauyi, ba ya son gaggawa, wanda ya yi masa sauri zai ji ƙarar haƙora. Birkin na zamaninsa ne, ka bar tazara mai yawa tsakaninka da na gaba.

Zubar da man farko bayan kilomita 500, da zafinsa. Daga nan kowane kilomita 1,500, in kuma hanyarka mai ƙura ce ka rage, ka riƙa wanke filtar iska akai-akai. Duk dauɗar da ta fita tare da tsohon mai, dauɗa ce da ba ta kai ga farantin karanshaf ba. Samu ɗan littafi ka ajiye a akwatin sifanun da ke gefen tanki, ka rubuta ranar da aka wanke farantin da adadin kilomitan da agogo ke nunawa a ranar, don kai da wanda zai riƙe babur ɗin bayanka ku san lokacin da za a sake buɗe shi.